Mun gaji da kamen masu shaye-shaye a unguwa, ina mafita?

Tambaya: Ni ne shugaban kwamitin da muka kafa a unguwarmu, a cikin birnin Kano, shekara biyu ke nan, domin yaƙi da shaye-shaye. Mun tarwatsa majalisun yara, mun toshe wani kango da suke taruwa a ciki, mun miƙa wasu ga hukuma, mun kuma gayyato malamai sun yi wa'azi. Bayan 'yan watanni sai komai ya dawo kamar ba a yi ba, har ma akwai yara biyu da suka fara magana su kaɗai. Shin akwai abin da mutanen unguwa za su iya yi da hannunsu, ko kuwa mu bar wa gwamnati?

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya saka muku da alheri, kai da abokan aikinka, domin ba kowace unguwa ake samun dattawan da za su hana idonsu barci saboda 'ya'yan wasu ba. Ni likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma mafi yawan waɗanda ake kawo mini matasa ne irin waɗanda ka ambata. Akwai abin da za ku iya yi, shi ne ma kaso mafi girma na aikin, amma sai kwamitinku ya sauya abin da ya ɗauka a matsayin aikinsa. A shekara biyun nan kun ɗauki aikin jami'an tsaro, wanda ba ku da ikonsa, kun bar wanda babu mai iya yinsa sai ku, wato riƙe yaro kafin ya faɗa, da karɓarsa idan ya dawo daga magani.

Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, UNODC, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wata ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin 100. Tabar wiwi ce a gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol da miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da miliyan 2.4. A jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100, sama da mutum miliyan ɗaya. Abu biyu a rahoton sun fi shafar kwamitinku. Ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu sha mace ce, alhali ina kyautata zaton duk waɗanda kuka kama maza ne. Sannan ɗaya cikin biyar ne abin ya zame masa cutar da ba ya iya rabuwa da ita da kansa, sauran huɗun suna tsakanin ɗanɗano da sabo, ba su kai ga buƙatar gadon asibiti ba tukuna, kuma waɗannan a hannunku suke. Ko kun so ku bar mana su ba za mu iya ba, domin likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba mu kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Dalilin da ya sa yaran suka dawo shi ne an raba su da wurin zama, ba a raba su da abin da ya kai su wurin ba. Tambayar farko da nake yi wa duk yaron da aka kawo mini ita ce, me ƙwayar nan take yi maka? Ba na tambayarsa me ya sa yake sha, domin wannan ya sha jin ta cikin tsawa, ya kuma riga ya tanadi ƙaryar da zai amsa ta da ita. Wani yaro ɗan shekara 19, direban adaidaita sahu, wanda yayansa ya kawo shi bayan ya faɗi yana jijjiga a bakin titi, ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce mini, "Likita, idan ban sha ba, ba na iya haɗa balas." Kullum sai ya kai wa mai keken kuɗin da aka yanka masa, sannan ya nemi na mai, sannan na cefanen mahaifiyarsa, don haka yana fita bayan sallar asuba, ba ya ajiye keke sai bayan isha'i. Tiramadol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, shi kuwa yana haɗiyar mai 225 guda biyu da shayin safe, idan dare ya yi barci ya ƙi zuwa sai ya bi da diyazefam. Jijjigar da ta kayar da shi ba aljanu ba ne, sananniyar illar tiramadol ce idan ya yi yawa a jiki. Wannan yaron ko sau goma aka tarwatsa majalisarsa, balas ɗin gobe yana nan yana jiran sa.

Wasu kuwa ba ƙarfin aiki suke nema ba, mantuwa suke nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin yara bakwai masu shekaru 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori sun riga sun fara kafin yaro ya wuce shekara 14. A wajenmu ciwon damuwa ba kasafai yake zuwa da kuka ba. Yakan zo ne da ciwon kan da ba ya jin fanadol, da zafin ƙirji, da rashin barci, da saurin fushi, da yaron da ya daina zuwa filin ƙwallo ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Iyaye sukan kira wannan taurin kai ko lalaci, abokinsa kuwa sai ya miƙa masa abin da zai sa ya yi barci a daren. Ka haɗa da yaran da aure ya mutu aka bar su a hannun kaka mai rauni, da waɗanda aka turo birni almajiranci tun suna ƙanana, da waɗanda rikicin Borno ko na Zamfara ya koro bayan sun ga abin da bai kamata idon yaro ya gani ba. Damuwa tana kai yaro ga sha, shan kuma, musamman wiwi mai ƙarfi da aka fara da ƙuruciya, yana iya buɗe ƙofar taɓin hankali, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Shi ya sa ba na goyon bayan kwamitin da zai yi maganar shaye-shaye ya bar maganar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Wa'azin da kuka shirya ba kuskure ba ne, amma yana da iyaka. A Amurka, tun daga 1983, an kwashe shekaru ana tura 'yan sanda ajujuwa suna gargaɗin ɗalibai a kan ƙwaya, aka kashe maƙudan kuɗi, daga baya bincike ya nuna cewa yaran da aka yi wa gargaɗin ba su bambanta da waɗanda ba a yi wa ba. Ƙa'idojin rigakafin da UNODC da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar sun bayyana cewa tsoratarwa, da lissafa illolin ƙwaya kawai, da kawo tsohon mashayi ya ba da labarinsa, ba sa rage sha. Abin da aka ga yana aiki shi ne koya wa iyaye yadda za su sa ido da yadda za su yi magana da 'ya'yansu, da darussan makaranta da ake maimaitawa mako bayan mako, inda yaro zai gwada da bakinsa yadda zai ce wa abokinsa a'a ba tare da ya rasa abokin ba. Yaron da yake sha ya san haramun ne, ba hukuncin ya jahilta ba. Huɗubar da na ga ta fi amfani ita ce wadda liman ya fuskanci iyaye da ita, ya tuna musu hadisin da ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, ya faɗa musu a fili cewa kai ɗa asibitin ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne, kamar yadda kai shi asibitin ƙashi ba abin kunya ba ne.

Roƙon da zan yi muku da babbar murya shi ne kada kwamiti ya taɓa sa hannu a kai yaro gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane wajen 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, bayan 'yan makonni kuma aka gano irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, sun rasa wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa ne, kuma wannan giɓin ne ya kamata ku cike. Ban da zalunci, akwai haɗarin rai. Wanda jikinsa ya saba da ƙwayoyin barci irin su diyazefam ko rochi, ko kuma giya, idan aka kulle shi aka yanke masa rana ɗaya, yana iya kamuwa da jijjiga da ruɗewa har ya mutu, don haka a hankali ake rage masa a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Wanda kuma aka tsare wata uku bai sha tiramadol ko kodin ba, jikinsa ya manta da sabon, idan ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa yana iya tsayawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Ƙasar da aka fi kafa misali da ita a wannan fage ita ce Aisland, can arewacin Turai. A 1998 kashi 42 cikin 100 na yaransu masu shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu da giya a cikin wata guda, kashi 23 kuma suna shan sigari kullum. Zuwa 2016 na farko ya sauko zuwa kashi 5, na biyu zuwa kashi 3. Abin da suka yi shi ne raba wa ɗalibai takardar tambayoyi a kai a kai, ba tare da an rubuta suna ba, ana tambayar su lokacin da suke yi tare da iyayensu, da ko iyayen sun san abokansu, da inda suke zuwa da dare, sannan a mayar wa kowace makaranta da kowane yanki sakamakonsa domin iyaye da malamai su zauna a kansa. Iyaye suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, aka hana yara 'yan shekara 13 zuwa 16 yawo bayan ƙarfe goma na dare a lokacin sanyi, aka zuba kuɗi a wasanni da sauran ayyukan bayan makaranta a hannun manya masu horo. Ba na cewa a kwafo tsarin yadda yake, domin duk mutanen ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, akwai ƙaramar hukuma guda a birnin Kano da ta fi su yawa, aljihunsu kuma ba irin namu ba ne. Abin ɗauka shi ne sun mai da hankali a kan yadda yinin yaro yake tafiya, daga tashi makaranta zuwa kwanciya barci, da kuma ko akwai babban da ya san inda yake a kowace sa'a. Ku ɗauki yaro guda a layinku ku bi yininsa haka, za ku ga cewa tsakanin la'asar da sha biyun dare ne babu mai shi.

Ba ma sai an je Turai ba, domin kai da kanka ka ga irin wannan aiki a ƙofar gidanka. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargi da rashin yarda, cutar ta bazu har zuwa wasu ƙasashe. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitin kiwon lafiya bisa jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, magana ta riƙa saukowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida, sun san wadda ta haihu da wadda ta ɓoye ɗanta, limamai suka yi bayani, ma'aikatan lafiya suka riƙe lissafi, har a watan Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Wannan tsanin yana nan bai karye ba. Bambancin kawai shi ne shan inna ɗigo biyu ne a baki, wannan kuwa aikin shekaru ne a kan yaro guda.

Saboda haka kafin ku sake kiran wani taro, ku je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ku ga shugabansa, ku nemi a ba ku ma'aikacin lafiya guda ya zama cikakken ɗan kwamiti, ku kuma haɗa kai da kwamitin raya mazaɓa da yake aiki da asibitin. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya da shaye-shaye, su yi maganin abin da za su iya, su tura sauran gaba, kuma Najeriya ta karɓi tsarin. Idan ma'aikacinku bai samu wannan horo ba, neman a ba shi horon shi ne buƙatar farko da za ku kai wa ƙaramar hukuma. Ta hannunsa za ku shata hanya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a san wanda za a kira da dare, da ranar da ake ganin likita, da wanda zai raka yaro idan mahaifinsa ya yi fushi ya ce ya cire hannunsa.

Malamai masu ruƙiyya da masu maganin gargajiya kuma kada ku mai da su abokan gaba, domin wajensu ake fara zuwa, kuma za a ci gaba da zuwa. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda ake saukar da marasa lafiya tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauye, suna zuwa asibiti da rana, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 aka wallafa sakamakon gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Ghana, wanda ya nuna cewa masu taɓin hankalin da ke hannun masu maganin gargajiya da na addini sun fi samun sauƙi idan ma'aikacin lafiya yana ziyartar su yana ba da magani. Yarjejeniyar da nake ƙullawa da malaman da nake aiki da su gajeriya ce. Malam ya ci gaba da addu'arsa da tofinsa, amma babu duka, babu ɗauri, babu hayaƙin da zai shaƙe majinyaci, ba zai ce a ajiye maganin asibiti ba, kuma duk wanda ya kwana uku bai yi barci ba, ko ya daina cin abinci, ko ya ambaci kashe kansa, zai turo shi a ranar. Yawancin malaman da na yi wa wannan magana cikin girmamawa sun karɓa, wasunsu ma sun fi ni saurin gane yaron da ya fara canzawa.

Sai maganar mata, wadda ita ce ta fi damuna a tsarin kwamitinku. Wata amarya 'yar shekara 17 da aka kawo mini, kwalbar lemo take ajiyewa a bayan kwanukan jerenta, rabi lemo rabi maganin tari, tana kurɓa tun daga fitar miji kasuwa har dawowarsa. Wata takwas ana haka babu wanda ya sani, sai da ta yi barci tukunya tana kan wuta. Da na tambaye ta, sai ta ce ba ta da wanda take magana da shi tun da aka kawo ta gidan. 'Yan sintiri ba za su taɓa ganin irinta ba, domin ba ta zuwa kango. A Harare ta Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna su tattauna sau shida, suna taimaka masa ya ware matsalolinsa ya ɗauki guda ya fara da ita. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙin damuwa nesa ba kusa ba. Irin waɗannan mata muna da su, ungozoma, da malamar Islamiyyar matan aure, da dattijuwar da ake kira idan an yi faɗa a gida, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sharaɗi biyu ne ba a sassautawa. Dole a horar da su, ma'aikacin lafiya ya riƙa zama da su duk wata yana jin inda suka maƙale, kuma dole a zaɓi masu riƙe sirri, domin ranar da maganar yarinya guda ta fita a gidan biki, babu wadda za ta sake buɗe baki.

Majalisar samari kuwa, shawarata ita ce ku daina tarwatsa ta, ku shiga cikinta. Majalisa a nan, ko fada a Zinder da Maraɗi, ita ce inda saurayi yake jin labarin aiki, yake cin bashi, yake samun mai raka shi asibiti. Idan aka kore ta daga ƙofar gida, inda kowa ke gani, sai ta koma bayan gari inda babu ido sai na dila. A kowace majalisa akwai mutum ɗaya ko biyu da ake jin maganarsu, ku ba su kujera a kwamiti da cikakkiyar murya, ba don su zama 'yan rahoto ba. Ku jawo mai shayi, da mai horar da 'yan ƙwallo, da masu gareji da shagunan ɗinki da walda da gyaran waya, domin kowane maigidan sana'a da ya karɓi yaro biyu ya cike musu sa'o'in nan da babu mai su. Sannan ku zauna da masu adaidaita sahun unguwa a kan balas, tunda kun ji abin da yake jawowa.

Ku raba mai sha da mai sayarwa. Mai sha majinyaci ne ko mai hanyar zama majinyaci, dila kuwa aikin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ne, a kai mata bayani a rubuce da sunan kwamiti domin kada a ware mutum guda a yi masa barazana, kuma kada a bar matasa su ɗauki doka a hannunsu. Hukumar tana da sashen ba da shawara ban da na kame, ku nemi jami'an wannan sashen su san ku. Masu kemis na unguwa ku kira su zama, ba don tozartawa ba, a yi alkawari a gaban mai unguwa cewa ba za a sayar wa yaro maganin barci ko na kashe raɗaɗi mai ƙarfi ba tare da takardar likita ba, wanda ya karya a kai ƙararsa ga hukumar da ta ba shi lasisi. Sai dai kada ku zaci toshe hanya kaɗai zai isa. Da gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta fitar, abin da muka gani a asibiti shi ne kwalba ta yi tsada, masu sha da yawa suka koma wasu ƙwayoyin. Akwai kuma maganar da dattawa ne kaɗai za su iya faɗa, wato duk ɗan takarar da zai shigo unguwa lokacin zaɓe a gaya masa a gaban jama'a cewa ba a yarda a raba wa yaranku ƙwaya ba.

Wurin da aka fi yin asarar yara shi ne bayan an sallamo su. Mukan yi wata guda muna wanke jikin yaro, ya fito fes, ya koma layin da kowa ke kiransa ɗan ƙwaya, babu mai ba shi ajiyar naira ɗari, babu mai ba shi sahu a hira, mutum ɗaya ne yake murnar ganinsa, shi ne dila. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi magani sukan sake komawa, kusan daidai da yadda masu hawan jini ko asma suke samun tashin ciwo, don haka komawa alama ce ta a koma wajen likita a gyara tsari. Kowane yaron da ya dawo a haɗa shi da babba guda wanda ba mahaifinsa ba, kawu ko maigidan sana'a ko na'ibin liman, wanda zai gan shi ido da ido sau biyu a mako har tsawon shekara, ya san ranar komawarsa asibiti, ya kuma san ko maganinsa ya ƙare. Ku kuma hana iyaye gaggawar yi masa aure da sunan zai natsu, domin sau da yawa abin da hakan ke haifarwa shi ne majinyata biyu da jariri.

Ku riƙe littafi, amma na adadi, kada a rubuta sunan kowa. Yara nawa aka raka asibiti a watan nan, nawa suka koma ganin likita, nawa aka sa a sana'a kuma nawa ne har yanzu suke zuwa, mata nawa suka zauna da dattijan da aka horar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da wannan littafin za ku tsaya gaban kansila ko wani mai hali ku nemi taimako da hujja. Kuɗin farko ba mai yawa ba ne, na mota zuwa asibiti ne da na maganin wanda ba shi da shi, kuma ɗan abin da kowane gida zai bayar duk wata, a hannun ma'aji biyu, ana karanta lissafinsa a masallaci, zai ɗauki wannan nauyin.

Yaran nan biyu da suke magana su kaɗai ba za su jira duk wannan tsari ba, a cikin makon nan ya kamata a kai su, domin taɓin hankali yana saurin jin magani idan aka kama shi da wuri, yana kuma wahala idan ya daɗe. Kada a taru a kansu da sanduna ko igiya. Mutum biyu da yaron ya yarda da su sun isa, su same shi da safe, su ce masa za a je a duba rashin barcin da yake fama da shi, wanda gaskiya ne. A tafi da mahaifiyarsa ko wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi, domin shi ne zai faɗa wa likita ranar da abin ya fara, a kuma tafi da duk fankon magani ko ƙullin da aka samu a ɗakinsa. Kafin ranar a kawar da wuƙa da fiya-fiya da maganin ɓera daga inda hannunsa zai kai. Idan ɗayansu ya ce yana jin murya tana umartarsa ya cutar da kansa ko wani, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gari ya waye, a wuce da shi sashen gaggawa a daren.